Rabin Piyala a Gidan Naziko

Duk wanda ya taɓa sayen cuku a kasuwar Yarkent ya san Naziko hede. Ko bai san sunanta ba, ya san muryarta. Ita ce farar tsohuwar nan mai dogon hanci da ke zama kusa da masu nono, tana kitsa cuku kamar gashin amarya, tana kuma yi wa duk wanda ya tsaya gabanta darasin da bai nema ba. Hede muke ce mata, wato yaya, har mu da ta isa ta haife mu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata, katangar ma ba ta kai kafaɗata ba, don haka abin da zan gaya muku ba a bakin wani na ji shi ba.

Asalinta ba 'yar garinmu ba ce. Daga Jojiya ta zo, daga wani ƙauye a saman duwatsun Kulo, inda ta ce in saniya ta yi tuntuɓe sai dai a gangara ƙauyen ƙasa a karɓo fatar. Mutanen wajen Musulmi ne kamar mu Uygur, amma harshensu ba ya kama da na kowa. Marigayi Turgan aka, don aka muke ce wa namiji babba kamar yadda muke ce wa mace hede, shi ne ya auro ta, tun zamanin da ƙasarmu da tasu suke ƙasa guda ɗaya, lokacin da aka tura shi aikin soja Batumi. Ita kan rako mahaifiyarta kasuwar birni sayar da cuku. Shi kuma ya yi ta zuwa saye kullum, har cikinsa ya ɓaci, abokansa suka ce ko dai ya aure ta ko ya mutu.

Mahaifinta ya riga ya rasu, don haka magana tana hannun yayanta, Ramiz. Ramiz ya ce bai yarda ba. Ba wai ya ga aibin yaron ba ne, nisa ya gani. Ya ce wanda zai kai ƙanwarsa bakin iyakar Sin ya raba ta da uwarta ke nan har abada. Naziko kuwa ta ɗaure kayanta ta bi Turgan. Ramiz ya rantse ba zai ƙara yi mata magana ba, kuma mutumin duwatsu ne, bai iya janye magana ba. Ko da mahaifiyarsu ta rasu, sai bayan an binne ta labari ya iso nan, ta bakin wata 'yar'uwa.

Ta zo mana ba ta jin ko sannu da Uyguranci. Da Rashanci take lallaɓawa, surukarta kuma, tsohuwa Adalat, ta ƙi jinin Rashanci a cikin gidanta. Sai ta zaunar da amarya a gaban kwanon kwaɓi ta ce, "Abin da hannunki ya taɓa, bakinki ya faɗi sunansa, in ba haka ba babu abincin rana." Kafin ta yaye ɗanta na fari, Shohrat, Naziko ta iya harshenmu har tana yi wa maƙwabta sulhu da shi.

Amma fa tun daga lokacin wata ɗabi'a ta kama ta, ba ta kuma sake ta ba har yau. Ba za ka faɗi kalma a gabanta ta bar ta ta wuce ba sai ta ɗora ta a ma'auni da ta garinsu.

"Harshenku taliya ne," haka take ce mana in muna zaune muna jan taliyar lagman. "Ku kama kalma ɗaya ku yi ta ja, ku yi ta ƙara mata jela, ba ta tsinkewa. Mutum ya yi ta jira ya ji me aka yi, sai can ƙarshen magana a gaya masa."

"Naku fa, hede?"

"Namu duwatsu ne ke gangarowa. Baƙaƙe su taru su cunkushe wuri guda, babu wasali ko ɗaya da zai raba su faɗa." Sai ta faɗi wata kalma ta ce mu maimaita. Mu yi ta tari kamar mun haɗiyi ƙaya, ita kuma tana dariya har da share hawaye da gefen ɗankwali.

In tana ƙirga ƙullin samsa, 'yar gurasar nan tamu mai nama a ciki, kafin a manna a tanda, a hankali take yi da harshensu, kuma su da ashirin-ashirin suke ƙirga. "Ku kun ce saba'in kun huta," in ji ta, "mu sai mun ce ashirin uku da goma. Shi ya sa ba a cutar mutumin garinmu, tun yana goye yake lissafi." Wani lokaci ta baɗa gari a kan tebur ta rubuta wa yara sunayensu da yatsa, da haruffan nan nasu masu lanƙwasa kamar tsiron inabi. Surukarta ta leƙo ta ce wannan ba rubutu ba ne, tsutsotsi ne. Naziko ta ce to ai na tsohuwar ma, na Larabci, baya-baya yake tafiya kamar mai jin kunyar suruki.

Ba kullum take neman bambanci ba. Ranar da ta gano cewa tandarmu ta gasa gurasa, da muke kira tonur, su tone suke ce mata, sai da ta zagaye unguwa tana faɗa, kamar wadda ta haɗu da 'yar'uwa a tasha. Haka da ta lura harsunan biyu duk ba sa raba namiji da mace in ana ba da labarin mutum, kalma ɗaya ce ta ɗauke su duka, sai ta ce, "To a nan dai kun yi hankali irin namu. Rashanci ne mai sa ido."

Ta kuma raba musu aiki. Ta ce babu harshen da ya kai namu iya gaisuwa, a tambayi lafiyarka, da ta gidanka, da ta 'ya'yanka, da ta tumakinka, har ka manta abin da ya kawo ka. Amma faɗa da lallashi, sai nasu. Da shi take tatsar shanunta, da shi take zaginsu. Wata shekara da ta kwanta ciwon baya, matar Shohrat ta je tatsa, shanun suka ƙi ba da nono, sai da aka tallabo Naziko aka zaunar da ita a bakin garke ta yi ta surfa musu zagi, sannan suka sake jiki.

Mukan yi dariya, amma mun san abin da ke ƙarƙashi. Shanu ba sa amsawa. 'Ya'yanta waƙar reno da zagi kawai suka tsinta daga harshen uwarsu. Shekara arba'in da wani abu, babu mahaluki ɗaya a garin nan da zai ce mata ina kwana yadda uwarta take ce mata.

Bayan rasuwar Turgan aka, 'ya'yan Ramiz suka nemo lambar Shohrat. Yara suka yi ta ƙulle-ƙullensu ta waya har suka shawo kan tsohon. Aka ce zai zo bikin Gulnisa, 'yar Shohrat ta fari. Shi dai bai yi magana da ƙanwarsa ba. Abin da ya ce wa 'ya'yansa kawai, "Zan je in ga inda ta jefa kanta."

Ana jibi zai iso, ta kira ni ta kan katanga. Ban taɓa ganinta cikin damuwa haka ba.

"Sanam, abu ɗaya nake roƙon Allah," ta ce. "Ya zauna a gidana, ya ci, ya sha, ya tashi ba da fushi ba. In ya koma da fushi, shi ke nan. Ni da shi ba mu da sauran shekarun da za mu sake gwadawa."

Ya iso da hantsi, a motar haya daga Almati, kuma sai zuwansa ya dace da ranar shayin shawara, ranar da mazan unguwa ke taruwa a gidan biki a raba aiki: wa zai yanka, wa zai tsaya kan tukunyar shinkafa, wa zai tarbi dangin ango. Dogon tsoho ne, gashin baki fari fat, hancin nan irin nata sak. Ya sauko da 'yar jakarsa ya tsaya a ƙofa. Ita ma ta tsaya. Sai ya faɗi wata gajeruwar magana, ta mayar masa da wata. Duk abin da suka faɗa da harshensu a ranar, daga baya ne ta fassara mini shi muna wanke kwanuka. Ashe cewa ya yi, "Kin tsufa." Ita kuma ta ce, "Kai ma ba a bar ka a baya ba." Iyakar gaisuwar ke nan. Ba runguma, ba hawaye.

Bayan azahar maza suka hallara a ƙarƙashin rumfar inabi. Mu mata muna ɗakin girki na tsakar gida, inda muke ganin komai ba tare da an ce muna kallo ba. Arup aka ne ke jagorantar zaman, shugaban mazan unguwa, wanda ba a biki ba a jana'iza sai da saninsa. Gajere ne mai tumbi, mai son raha, amma ba ya ɗaukar raini ko na ƙwayar zarra. Shi da kansa ya kama hannun Ramiz ya kai shi can ƙuryar shimfiɗa, nesa da ƙofa, wurin babban baƙo. Suka ɗan taɓa hira da Rashanci, na Ramiz duk ya yi tsatsa, tun na zamanin soja.

Shohrat ya durƙusa da butar shayi. Shi ne mai gida yanzu, shi ke zubawa. Yaron nan, na ce yaro ko da yake furfura ta fara masa, ya kwana biyu yana zullumin yadda zai girmama kawun da bai taɓa gani ba. To a wurinmu kowa ya san yadda ake yi. Piyala, 'yar tasar tangaran ɗin nan marar hannu, ba a cika ta. Kaɗan ake zubawa, don baƙo ya sha da zafinsa, ya miƙo, a sake zuba masa, hannu ya yi ta haɗuwa da hannu. Gwargwadon girman baƙo, gwargwadon ƙanƙantar abin da za a zuba masa. Piyala cike kuwa, ita ake ba wanda aka gaji da shi: sha ka tashi.

Don haka Shohrat ya zuba wa sauran mutane rabi-rabi, ya zo kan kawunsa ya ɗiga abin da bai wuce kurɓa biyu ba, ya miƙa da hannun dama, na hagu a kan ƙirji, kansa a sunkuye.

Ramiz ya leƙa cikin piyala. Ya leƙa ta mutumin da ke kusa da shi. Ya shanye a kurɓa ɗaya ya miƙa. Shohrat ya sake ɗiga masa. Ya sake leƙawa. Daga inda nake na ga wuyansa ya fara ja.

A karo na gaba ya ce da Rashanci, da ƙarfi, "Shayi tsada yake yi a garin nan?"

Maza suka fashe da dariya, sun ɗauka baƙo mai barkwanci ne. Arup aka ya buga cinya ya ce, "Ka ji mutumin kirki!" Shohrat kuwa kunya ta kama shi don kawu ya kula shi, sai ya ƙara ladabi. Wannan karon abin da ya zuba da ƙyar ya rufe gindin piyalar.

Naziko tana bayan ɗaki a lokacin, hannunta dumu-dumu cikin kwaɓi. Da tana wurin da ba a kai nan ba.

Ramiz ya ajiye piyala. Ya miƙa dogon hannunsa ya fizge butar daga hannun Shohrat.

"Kawo nan, yaro. Bari in nuna maka yadda ake karɓar mutum a gidan da uwarka ta fito."

Ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya fara da Arup aka, tunda ya ga shi ne babba. Ya cika masa piyala fal, har shayi ya taɓa baki ya zubo kan shimfiɗa. Ya wuce na kusa, fal. Na gaba, fal. Haka ya zagaye dattawan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, yana cikawa yana gyaɗa kai, shi a ransa yana wanke wa ƙanwarsa kunyar ɗan da bai samu tarbiyya ba.

Rumfar nan ta yi tsit. Har ƙudan zuma da ke kan inabi sai da muka ji.

Arup aka ya dubi piyalarsa. Ya ɗauke ta da hannu biyu don kada ta zube, ya shanye ta da zafinta har ƙasa, ya shafa addu'a, ya miƙe. Sauran suka yi yadda ya yi. Suka fara neman takalmansu.

Shohrat ya bi su yana, "Arup aka, don Allah, Arup aka," amma ya rasa ta inda zai fara, don ba zai iya cewa kawunsa ya yi laifi a gaban kawun ba. Ramiz kuma ya ga mutane sun sha daga hannunsa sun tashi babu ko godiya. Ya ajiye buta ya ce, "To. Na ga abin da na zo gani. Ina jakata?" Ya shiga ɗaki ya fito da ita, ko buɗe ta bai riga ya yi ba.

Ni ce na ruga na gaya mata. Ba ta tsaya wanke hannu ba. Ta ratsa tsakar gida, ta wuce ta gaban maza, abin da mace ba ta yi a irin wannan zama, ta je ta tsaya a bakin ƙofar gida ta ware hannuwa, kwaɓi na ɗiga daga yatsunta.

"Arup aka, in ƙafarka ta tsallake ƙofar nan, ka gama cin cukuna a duniya."

"Hede, matsa mana. An sallame mu. Piyala cike aka ba mu a gaban jama'a, kuma ba ma daga hannun mai gida ba. Ni da na wanke Turgan da hannuna, yau a gidansa ake korata?"

"Wa ya kore ka? Tsaya nan, kada ka motsa."

Ta juya kan yayanta. Jama'a, ashe duk zagin da take yi wa shanu wasa ne. Duwatsun nan da take ba mu labari, ranar muka ji gangarowarsu. Shi ma ya mayar, yana nuna Shohrat, yana nuna piyala, yana haɗa yatsu biyu don a ga ƙanƙantar abin da aka ba shi.

"Ke yarinyar nan," haka yake ce mata, tsohuwa mai jikoki, "tun daga Kulo na taso, a ba ni abin da ko kaza ba za ta jiƙa baki da shi ba? Kowa rabi, ni ɗigo? A gidanmu ko maƙiyi ya shigo, sai an cika masa. Wanda aka rage wa, an gaya masa ba a son ganinsa ke nan."

"Nan ba gidanku ba ne, gidana ne! Kai da ka cika musu, ka san me ka ce musu? Cewa ka yi su sha su ba ka wuri."

Ya yi sororo. "Ni? Girmama su na yi."

Ta waiwaya wajen dattawa ta koma harshenmu. "Kun ji? Cewa yake girmama ku ya yi. A duwatsunsu in ka bar wa baƙo sarari a kofi, ka zage shi. Shi gani yake ɗana ya wulaƙanta shi, ya wulaƙanta ku, shi ne ya tashi ya gyara."

Wani daga baya ya ce, "Allah ya kyauta. Ashe gyara ne. Ni leɓena duk ya ƙone."

Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa, amma Arup aka bai yi ba, Ramiz kuma bai saki jakarsa ba.

"Wane irin girmamawa ne a ba mutum ɗigo?" ya ce mata.

"Irin wanda zai sa mai gida ya kasa tashi daga gabanka. Dube shi. Tun da kuka zauna yake durƙushe, bai kai ko loma ɗaya bakinsa ba, idonsa na kan hannunka. In ya cika maka, ya gama da kai ke nan, ya tafi harkarsa. Ya rage maka ne don ka yi ta miƙowa yana karɓa. Kai ya fi rage wa don kai ka fi kowa a wurinsa, tsohon banza."

Ramiz ya dubi Shohrat, wanda ke tsaye da gumi a goshi, bai san me ake cewa ba, sunansa kawai yake ji. Ya daɗe yana kallonsa. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Na ɗauka ɗan Turgan ne yake rama wa ubansa."

"Turgan bai taɓa faɗin mummunar kalma a kanka ba har ya koma ga Allah. Cewa yake in shi ne da ƙanwa, shi ma ba zai bayar ba. Ni ce na zage ka, safe da yamma."

Ramiz ya huce. Amma mutum ne da ya riga ya ɗauki jaka a gaban maza, kuma irinsu ba su san yadda ake ajiye ta ba. Na ga Naziko ta gane haka, don hannuwanta sun fara sauka daga jikin ƙofa. Sai ta dubi Arup aka, ba da faɗa ba wannan karon.

"Aka, shi kaɗai ya rage mini. In ya fita, ba zai dawo ba."

Arup aka ya shafa tumbinsa. Ya cire takalmin da ya riga ya sa ƙafa ɗaya a ciki. Ya gyara murya irin yadda yake yi a zaman maza na hunturu, inda ake kafa kotun wasa a yanke wa mai laifi hukunci.

"Hede, gaya masa. Mu nan ba a korar dattawa a tafi haka nan. An kama shi da laifi biyu: ya ƙwace buta a hannun mai gida, ya kuma ƙona wa bayin Allah leɓe. Hukuncinsa, butar nan da ya ɗauka ta zama tasa. Shi zai zuba mana shayi, yadda ake zubawa, har a gama bikin nan. Mai laifi kuma ba ya barin gari."

Ta fassara. Gashin bakin Ramiz ya motsa.

"Tambaye shi, bikin yaushe zai ƙare?"

"Sai ranar da muka gaji," in ji Arup aka.

"Shi yaron fa da ya bar kawunsa da ƙishi, babu hukunci a kansa?"

Da ta juya wannan, rumfar ta ɗauki shewa. Arup aka ya ce gaskiya ne, adalci ya zama na kowa. Aka yanke wa Shohrat ya je ya kawo babban kwano na shayin madara mai gishiri, irin wanda muke karyawa da shi, ya cika shi fal, ya riƙe wa kawunsa jaka har ya shanye. Haka jakar ta bar hannun Ramiz ba tare da ya ajiye ta ba. Ya kurɓi shayin, ya ji gishiri, ya yamutsa fuska ya ce wa ƙanwarsa, "Wannan ma girmamawa ce?" Ta ce, "Shanye, kada ka sake ja mana."

Aka koma aka zauna. Tsohon nan ya durƙusa da buta, hannunsa kuma ya ƙi koyo. Duk sanda ya karkata ta sai ta zarce.

"Kai, kai, kai! Korata kake yi kuma?"

"Wannan ai ya kai ni har bakin ƙofa."

"Nawa daidai ne, ni yake so. Ku ne bai ga alamar alheri a fuskarku ba."

Naziko ta jawo 'yar kujera ta zauna a bakin rumfa, kwaɓi ya bushe a hannunta, tana juya zolaya daga wannan harshe zuwa wancan. Babu wanda ya ce ta tashi. Na tabbata ba duka take fassarawa daidai ba, wata ta rage mata kaifi, wata ta ƙara mata gishiri, don akwai inda Arup aka ya faɗi magana gajeriya, ita kuwa ta yi ta zuba har Ramiz ya riƙe ciki. Ranar sai da rana ta yi sanyi kafin a tuna ba a raba aikin biki ba.

An yi biki lafiya, an kai Gulnisa ɗakinta. Ramiz bai tafi ba. Ya ce hukuncinsa bai ƙare ba tunda Arup aka bai ce ya gaji ba. Yana nan har aka tsinke inabi. Kowace safiya ina shara ina jin muryoyi biyu ta kan katanga da harshen nan mai tsakuwa, yawanci gardama suke yi: wace gona ce ke sama da wace, wa ya fasa tulun kakarsu. Wata safiya kuma na ji babu gardama, muryarsa ce kaɗai a hankali, sai kukan tsofaffi biyu. Na ajiye tsintsiya na koma ɗaki. Daga baya ta gaya mini kwanakin ƙarshe na mahaifiyarsu ya ba ta labari, da yadda tsohuwar ta yi ta kiran sunanta, da yadda shi ya hana a aiko. Ya ce ta yafe masa. Ta ce sai da ta bar shi ya ɗan jira kafin ta amsa.

Da bazara ta kewayo, Shohrat ya kai ta Jojiya. Ramiz ya sauko har gindin dutse ya tarye su, shi da ciwon gwiwarsa, ya riƙe hannunta suka hau tare, bai bar ta ta shiga gidan kowa ba sai da ya kai ta kabarin mahaifiyarsu. Ta ce ta zauna a wurin ta yi wa tsohuwar bayanin komai, tun daga ranar da ta tafi, da sunayen jikoki ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsaye a gefe ya cire hula.

Na tambaye ta ko mutanen ƙauyen sun gane maganarta bayan duk shekarun nan. Ta ce ganewa kai! Matasa har taruwa suke yi a ƙofar gidan Ramiz don su ji ta, wai tana magana irin ta kakanninsu, da kalmomin da su tuni suka daina ji. Ramiz kuwa sai ya zauna kusa da ita yana hura hanci, duk wanda ya shigo ya ce masa, "Zauna ka ji yadda ake magana. Ƙanwata ce."